Ikilisiya ta yi ƙaura, ɗakin karatunta bai bi ta ba

A shekarar 1957 wani matashi mai suna Andrew Walls ya sauka a Saliyo domin koyar da tarihin ikilisiya a Kwalejin Fourah Bay. Ya zo da karatunsa na Oxford a ka, ya san rubuce-rubucen magabatan ikilisiya na ƙarni na biyu ciki da bai. Bai daɗe ba ya lura da wani abu da ya sauya masa alƙibla har ƙarshen rayuwarsa. Abin da yake karantarwa a aji a matsayin tsohon tarihi, wato yadda sababbin tuba suke kokawa da al'adun kakanninsu, da tsoron ruhohi, da tambayar abin da za a riƙe da abin da za a saki, shi ne yake faruwa a gabansa a majami'u da gidajen ɗalibansa. Ya zo ya ba da labarin ikilisiyar ƙarni na biyu, sai ya tarar a cikinta yake zaune. Har ya rasu a 2021 bai daina jan hankalin masana ba cewa cibiyar addinin Kirista ta tashi daga inda suka saba ganinta.

Alƙaluma sun gaskata shi. Bisa ƙididdigar cibiyar bincike ta Pew, a 1910 kusan kashi biyu bisa uku na Kiristocin duniya a Turai suke. Zuwa 2010 rabon Turai ya sauko zuwa kusan kashi 26 cikin 100. A wannan ƙarni guda, Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun tashi daga wajen miliyan 9 zuwa sama da miliyan 500. Ƙara da Latin Amurka, da Filifin, da Koriya ta Kudu, da ɗimbin masu bi a Sin da Indiya. Amma ka tambayi inda manyan ɗakunan karatu na tauhidi suke, inda ake buga mujallun da ake ji da su, inda mutum zai je ya samo digirin digirgir da kowa zai girmama, amsar ba ta sauya sosai ba: Jamus, Birtaniya, Amurka, Roma. Jama'a sun yi ƙaura, kayan aikin tunani suna nan inda aka bar su. Duk wata muhawara a kan ilimi mai zurfi na Kirista a wannan zamani da duniya ta dunƙule, daga wannan giɓin take tasowa.

Abu biyu ake haɗawa idan an ce ilimi mai zurfi na Kirista, kuma yana da kyau a raba su. Akwai makarantar tauhidi, wadda ake kira seminari, inda ake horar da fastoci da limaman coci da malaman Littafi Mai Tsarki. Akwai kuma jami'ar da wata ikilisiya ta kafa, wadda take koyar da likitanci da shari'a da injiniyanci kamar kowace jami'a, amma tana cewa bangaskiya ce ginshiƙinta. Matsalolinsu sun yi kama, ba ɗaya ba ne.

Ba a Turai aka fara wannan sana'a ba, kuma wannan ba ƙaramin batu ba ne. Makarantar Iskandariyya a Masar, inda Kilemen da Orijin suka koyar a ƙarni na biyu da na uku, tana cikin na farko da aka sani. Tatuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, shi ne ya fara amfani da kalmar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, a rubutun Latin. Agustin, wanda ya rasu a shekara ta 430, bishop ne a wani gari da ke Aljeriya ta yau. Can gabas kuma makarantar Nisibis tana karantarwa da harshen Suriyanci, ikilisiyar Habasha ta gina nata tsarin karatu da harshen Gi'iz mai matakai, daga koyon karatu zuwa waƙa zuwa sharhin nassi, wanda yake raye har yau. Sai daga baya jami'o'in Paris da Oxford suka taso a ƙarni na 12 da na 13, inda ake ɗaukar tauhidi a matsayin uwar dukkan fannoni. Ko a can ɗin ma ilimin bai kasance na gida zalla ba. Toma Akwinas ya karanta falsafar Aristotal ne tare da sharhin Ibn Rushd, ya yi muhawara da Ibn Sina a rubuce-rubucensa.

Siffar da makarantun tauhidi suke da ita yau kuwa daga wurare biyu ta fito. A 1563 Majalisar Taren ta Ɗariƙar Katolika ta umurci a kafa seminari domin horar da limamai. Sannan a 1810 aka buɗe Jami'ar Balin, inda ake ja-in-ja ko tauhidi ya cancanci gurbi a jami'ar da bincike ne addininta. Masanin tauhidi Friedrich Schleiermacher ya kare shi da hujjar cewa kamar yadda al'umma take bukatar likitoci da lauyoyi masu horo, haka take bukatar shugabannin ikilisiya masu horo. An ba tauhidi kujera, amma da sharaɗi: zai yi aiki da ma'aunin binciken tarihi da nazarin matani irin na sauran fannoni. Manhajar ta zauna a kan ƙafa huɗu, nazarin Littafi Mai Tsarki, tarihin ikilisiya, tsararren tauhidi, da aikin kiwon jama'a. Wannan tsarin ne 'yan mishan suka ɗauka suka kai ko'ina. Ka shiga makarantar tauhidi a Manila ko Nairobi ko Sao Paulo, da wuya ka rasa waɗannan ƙafafu huɗu, sau da yawa ma da littattafai iri ɗaya.

Ba zan yarda a raina abin da aka samu ta wannan hanya ba. Kwalejin Serampore da William Carey da abokansa suka kafa a Indiya a 1818, da Fourah Bay da aka buɗe a 1827 wadda Samuel Ajayi Crowther ya kasance ɗalibinta na farko, da Doshisha a Japan a 1875, da makarantar Ewha da aka fara a 1886 domin 'yan mata a Koriya, duk sun fitar da mutanen da suka yi wa ƙasashensu aiki, Kirista da wanda ba Kirista ba. Koyon Ibrananci da Helenanci, da sanin yadda ake tantance tsohon rubutu, dukiya ce ta kowa. Matsalar tana wani wuri dabam.

Kowace manhaja amsa ce ga wasu tambayoyi. Tauhidin da ya fito daga Turai bayan zamanin wayewar kai ya shafe ƙarni biyu yana fama da mutumin da yake shakkar akwai Allah, yake shakkar mu'ujiza, yake tambayar ko za a iya amincewa da nassi a matsayin tarihi. Tambayoyi ne na gaske, kuma an ba su amsoshi masu zurfi. To amma fasto a mafi yawan sassan duniya ba wannan mutumin ne yake ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Mai zuwa wurinsa bai taɓa shakkar akwai Allah ba. Abin da ya hana shi barci shi ne mafarkin da ya yi, da ciwon da asibiti ya kasa ganewa, da matsayin iyayensa da suka mutu ba su ji bishara ba, da yadda zai zauna da ɗan'uwansa na ciki ɗaya mai wani addini, da abin da zai yi da shugaban da yake zaluntar jama'a.

John Mbiti, masanin nan ɗan Kenya, ya ƙirƙiro wani labarin misali a tsakiyar shekarun 1970 da ya fito da wannan fili. Wani ɗalibi ne ya dawo gida bayan shekaru yana karatun tauhidi a waje, da babban digiri da tarin littattafai. Ana cikin murnar tarbarsa sai 'yar'uwarsa ta yanke jiki ta faɗi. Jama'a suka ce ruhun wata kakarsu ce ya kama ta, suka juyo gare shi, tunda shi ne mai ilimin Allah. Ya ce a kai ta asibiti, asibiti kuwa na da nisa. Ya duba littattafansa, ya tarar sun ce irin wannan abu babu shi. Duk karatunsa bai ba shi abin faɗa ba a lokacin da aka fi bukatarsa. Paul Hiebert, Ba'amurken da ya yi aikin mishan a Indiya, ya bayyana ciwon daga ɗaya ɓangaren a 1982: horon da ya samu yana da bayani a kan Allah Maɗaukaki, yana da bayanin kimiyya a kan abin da ido ke gani, amma tsakiyar, inda ruhohi da tsafi da sa'a da rashin sa'a suke a tunanin mutane, fanko ce. Wannan fankon yana cikin dalilan da suka sa majami'un Fantikostal suka bunƙasa da irin wannan sauri. Sun shiga inda masu digiri suka kauce, ko da yake sau da yawa sun shiga ba tare da zurfin karatun da zai tsare su daga ɓata ba. Asara ce ta ɓangare biyu, kuma ita ce ta fi damuna a duk wannan batu: masu karatu ba su da amsa, masu amsa ba su da karatu.

Masana daga waɗannan ƙasashe ba su naɗe hannu ba. A Latin Amurka, bayan taron bishop-bishop na Medellin a 1968, Gustavo Gutierrez na Peru ya tsara abin da aka sani da tauhidin 'yantarwa, mai farawa daga halin da talaka yake ciki. A taron bishara na duniya da aka yi a Lozan ta Suwizalan a 1974, Rene Padilla da Samuel Escobar suka tsaya kai da fata cewa ba a raba wa'azin bishara da neman adalci. A 1976 aka kafa ƙungiyar masana tauhidi na ƙasashe masu tasowa a Darussalam ta Tanzaniya. A 1989 Mercy Amba Oduyoye ta tara mata masana tauhidi na Afirka a Akara. Ba kuma bakinsu ɗaya ba. Byang Kato, ɗan Najeriya, wanda ya rasu a 1975 yana da shekara 39, ya yi gargaɗi mai zafi cewa garin neman daidaita bishara da al'ada kada a wayi gari an cakuɗa ta da abin da ta zo gyarawa. Mbiti da Bolaji Idowu suna ganin addinan gargajiya sun share wa bishara hanya. Kwame Bediako na Gana ya zo daga baya ya auna ɓangarorin biyu da ma'aunin magabatan ƙarni na biyu, ya nuna cewa irin wannan saɓani ne ya raba Tatuliyan da Kilemen a kan falsafar Helenawa. Muhawara ce mai rai, kuma wanda ya karanta ta zai ga ba reshen tauhidi ba ce, tauhidi ne kansa.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. An saba kiran abin da aka rubuta a Jamus “tauhidi” kawai, abin da aka rubuta a Kenya ko Koriya kuma a laƙa masa sunan yanki, a tura shi darasin zaɓi a zangon ƙarshe. Amma babu tauhidin da ya faɗo daga sama ba shi da gari. Lokacin da bishara ta ƙetara daga Yahudawa zuwa Helenawa, sai da aka zauna a Urushalima, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 15, aka yanke cewa ba sai Baheleni ya zama Bayahude ba kafin ya bi Almasihu. Helenawan nan kuwa da suka shigo, sun zo da tambayoyin da manzanni ba su yi ba, a kan zati da ɗabi'a. Majalisar Nikiya ta shekara ta 325 ta amsa da wata kalmar Helenanci wadda babu ita a Littafi Mai Tsarki. Amsa ce ga tambayar wasu mutane a wani zamani, duk da haka ta zama gadon dukan ikilisiya. Idan haka ta yiwu sau ɗaya, babu dalilin da zai hana tambayar da aka yi da Yarbanci ko Tamilanci ko Sinanci ta buɗe wa kowa wata fuskar nassi da ba a taɓa lura da ita ba.

To me ya hana? Ba mugun nufin wani ba ne. Tsari ne, kuma yana da sassa.

Na farko harshe. An fassara cikakken Littafi Mai Tsarki zuwa harsuna sama da 700, kuma Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya koyar a Yale, ya nuna cewa wannan fassaruwa tana cikin jinin addinin tun farko, tunda ko kalmomin Yesu da Helenanci suka iso mana, ba da Aramiyancin da ya yi magana da shi ba. Amma binciken tauhidi ya taru a harsuna 'yan ƙalilan, Ingilishi a gaba. Mutum yana addu'a da harshen uwarsa, yana wa'azi da shi, yana binne matattu da shi, sannan ya yi tunaninsa mai zurfi da harshen aro. Abin da ya rubuta ba ya isa ga jama'arsa, abin da jama'arsa suke faɗa cikin waƙoƙi da addu'o'i, inda tauhidin talakawa yake zaune, ba ya shiga takarda.

Na biyu hanyar samun digirin digirgir. Ɗalibi zai bar aikinsa da iyalinsa shekara huɗu ko biyar, ya je inda mai duba aikinsa ƙwararre ne a wani fanni dabam, ya zaɓi batun da za a iya dubawa a can, ba wanda ya addabi ikilisiyarsa ba. Wasu ba sa dawowa. Waɗanda suka dawo kuma, nan da nan a ɗora musu shugabancin makaranta da darussa bakwai da taron kwamiti, rubutu ya tsaya. An yi ƙoƙarin gyara. Asusun tallafa wa ilimin tauhidi da aka kafa a 1958 ya zuba kuɗi a ɗakunan karatu da littattafai. Gidauniyar Langham da limamin Ingila John Stott ya fara a 1969 tana ɗaukar nauyin ɗalibai da nufin su koma su yi hidima a ƙasashensu. Ƙungiyar tauhidi ta Asiya ta kafa makarantar manyan digiri a 1984 domin a horar da mutanen Asiya a cikin Asiya. Ana ganin amfanin wannan: a 2006 aka fitar da sharhin dukan Littafi Mai Tsarki a kundi ɗaya wanda masana Afirka 70 suka rubuta ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, na kudancin Asiya ya biyo baya a 2015.

Na uku tantancewa da kuɗi. Hukumomin tantance makarantu irin su ACTEA a Afirka, da aka kafa a 1976, da ICETE mai haɗa su a duniya tun 1980, sun taimaka ƙwarai wajen bambance makarantar gaske da shagon sayar da takarda. Sai dai ma'aunin yawan littattafai da yawan masu manyan digiri yakan tura kowace makaranta ta yi kama da wadda aka ɗauko ma'aunin daga gare ta. Kuɗi kuwa, an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makarantar da albashin malamanta yake zuwa daga wata ƙasa, rigingimun waccan ƙasa sukan zama manhajarta ko ta so ko ta ƙi.

Wani sabon abu kuma ya shigo. Makarantun da ake dogaro da su a Yamma su ma suna raguwa. Makarantar tauhidi ta Andover Newton a Amurka, wadda asalinta ya koma 1807, ta sayar da harabarta ta koma ƙarƙashin inuwar Yale. Kwalejin Heythrop a Landan, mai tarihin sama da shekara 400, ta daina koyarwa a 2018. Wannan ba abin murna ba ne ga kowa, domin ƙwarewar da aka tara cikin ƙarnuka, ta sanin tsofaffin harsuna da rubuce-rubucen hannu, idan ta watse ba a tara ta cikin shekara goma. Amma yana nufin nauyin zai dawo kan ikilisiyoyin da suke da jama'a, ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Batun jami'o'i kuwa labarinsa dabam ne. Tun daga shekarun 1990, da gwamnatoci da dama suka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, ikilisiyoyi da ɗaiɗaikun Kiristoci suka shiga kafa jami'o'i: Jami'ar Afirka a Zimbabuwe a 1992, Handong a Koriya ta Kudu a 1995, Jami'ar Kirista ta Yuganda a 1997, da wasu masu yawa. Bukata ce ta kawo su, matasa sun yi wa jami'o'in gwamnati yawa. Tambayar ita ce me ya sa jami'a ta zama ta Kirista. Idan amsar ba ta wuce sujadar safe da dokar tufafi ba, alhali ana koyar da tattalin arziki da shari'a ba tare da an taɓa tambayar abin da bangaskiya take cewa game da riba da adalci da mutuncin ɗan Adam ba, to suna ne kawai. Tarihi ya nuna yadda abin yake tafiya. Harvard an kafa ta a 1636 da damuwar kada a rasa limamai masu ilimi, Yale a 1701 da makamancin wannan nufi. Babu ranar da aka zauna aka ce an bar addini. A hankali ne, ta hanyar wanda aka ɗauka aiki, da inda kuɗi ya fito, da abin da ake ba lada a kai. Wannan damuwa ce ta sa Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da dokar jami'o'in Katolika a 1990. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, inda tsoron zamewa yake sa a toshe bakin malamai har bincike ya mutu. Jami'ar da ba a iya yin tambaya a cikinta ba jami'a ba ce, ko da an cika ta da addu'a. Sannan ga hannun hukuma: kwalejojin Kirista na ƙasar Sin, ciki har da Yenching, an narkar da su cikin jami'o'in gwamnati a 1952.

Intanet ta rage wani ɓangare na giɓin. Ɗalibin da a da sai ya yi tafiyar kwanaki kafin ya ga wata mujalla, yanzu yana iya karanta ta a wayarsa, idan makarantarsa ta iya biyan kuɗin shiga rumbun. Tunanin kai karatu inda ɗalibi yake ma ya girmi intanet. A 1963 wata makarantar tauhidi a Gwatamala ta lura cewa shugabannin majami'u na ainihi, manoma ne da magidanta da ba za su iya barin gida ba, sai ta fara bin su da darussa, tsarin ya bazu duniya. Sai dai bututun da yake kawo ilimi cikin sauƙi, ruwansa gefe ɗaya ya fi gudana. Laccar da aka naɗa a Amurka tana isa ko'ina a kyauta, ta fi ƙarfin malamin gida da yake ƙoƙarin rubuta nasa. Kuma horar da mai kiwon jama'a ba zuba bayani ba ne kawai. Akwai abin da ba a koya sai an zauna da malami, an ga yadda yake fushi da yadda yake yafewa, an bi shi gidan makoki.

Bediako ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong ta ƙasar Gana a shekarun 1980, ya sa mata sunan mutum biyu, ɗan ƙasa da Bajamushe, da suka yi wa harshen Twi hidima. Ana karatu a can da Ingilishi, ana bin ƙa'idojin bincike da kowace jami'a za ta amince da su, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Amma an sa wani sharaɗi a kan mai rubuta kundin digiri: sai ya kawo taƙaitaccen bayanin bincikensa da harshen uwarsa. Shafi ɗaya ne ko biyu. A nan ne mutum yake zama ya nemi yadda kakarsa za ta kira “alheri” ko “fansa” ko “zunubi”, ya tarar kalmar da ke akwai tana ɗauke da wata ma'ana da Ingilishi bai ba shi ba, dole ya koma ga Helenancin ya sake dubawa ko wace ce a cikin biyun ta fi kusa da abin da Manzo Bulus yake nufi.